Mu San Ƙasar Indonesiya

Ɗalibai da yawa suna cin Indomie, amma kaɗan ne suka san cewa asalinta daga Indonesiya yake. Ku buɗe taswira, ku duba tsakanin Asiya da Ostareliya. Za ku ga tsibirai fiye da 17,000, duk ƙasa ɗaya ce. A ƙidayar 2020 mutanenta sun kai miliyan 270, wato ita ce ta huɗu a duniya, kuma fiye da rabinsu a tsibirin Java suke zaune.

Ta yaya jama'a masu harsuna ɗaruruwa suka zama al'umma ɗaya? Tun a 1928 matasansu suka yi alkawarin riƙe harshe ɗaya. Abin lura shi ne ba su ɗauki harshen Java na masu rinjaye ba, sai harshen Malay na kasuwa wanda ba ya tsorata kowa. A ganina wannan hikima ce babba. Bayan Sukarno ya yi shelar 'yanci daga Turawan Holan ranar 17 ga Agusta, 1945, an kafa ƙasar bisa ƙa'idodi biyar da ake kira Pancasila. Musulmi ne mafi yawa, Kirista kuma kusan kashi goma cikin ɗari, amma ba a mai da ita ƙasar addini ɗaya ba, ko da yake an sha rikici a wurare kamar Maluku.

Janar Suharto ya yi mulki shekara talatin da ɗoriya, har tattalin arziki ya rushe ya sauka a 1998. A 2004 jama'a suka fara zaɓen shugaba da kansu. Prabowo Subianto, wanda ya hau a 2024, shi ma tsohon janar ne.

Batun arziki kuwa, akwai abin da ya kamata ya dame mu. Itacen manja ɗan Afirka ta Yamma ne, a 1848 aka kai shi lambun Bogor. Yau babu ƙasar da ta kai Indonesiya samar da manja, Nijeriya kuwa sayowa take yi daga waje. Haka kuma ita ce kan gaba wajen haƙar nikel, ƙarfen da ake sa wa batirin motocin lantarki. A 2020 ta hana fitar da shi ɗanye, ta ce duk mai so ya zo ya kafa masana'anta. Kamfanonin Sin suka zo da kuɗi, aka samu ayyuka, amma dazuzzuka da koguna sun ji jiki.

Ta karɓi taron G20 a Bali a 2022, ta shiga BRICS a 2025. Birnin Jakarta kuma yana nitsewa sannu a hankali, wannan na cikin dalilan da suka sa ake gina sabon babban birni, Nusantara, a tsibirin Borneo.