Harshen Gareji: Nazarin Yadda Ake Bayyana Ciwon Mota a Ƙasar Kazaure

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka abin yake ga sana'o'in Hausa, domin babu wadda ba ta da irin nata kalmomi da salon magana, tun daga ƙira da jima da dukanci har zuwa fawa. Manazarta sun daɗe suna tattara kalmomin waɗannan sana'o'i na gargajiya, amma sana'o'in da zamani ya kawo ba su sami irin wannan kulawa ba, alhali kuwa a cikinsu ne harshe ya fi saurin sauyawa. A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za a dubi ɗaya daga cikinsu, watau kanikanci, musamman yadda direbobi da kanikawa da sauran masu sha'awar mota suke bayyana ciwon mota idan sun haɗu a gareji ko a tasha. Abin da ake so a nuna shi ne, harshe shi ne kayan aikin bakanike na farko, kafin sifana da sukudireba, kuma duk sa'ad da ƙirar mota ta sauya takan bar harshen da ake gyaranta da shi a baya.

Muhallin Nazari

An keɓe wannan nazari ga arewa maso yammacin Jihar Jigawa, watau ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, Kazaure da Roni da Gwiwa da Yankwashi, tare da maƙwabciyarsu Babura da ke kusa da iyakar Nijar. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta ta nufi Daura ta ratsa tsakiyar wannan yanki, saboda haka ba ya rabo da motocin haya da na kaya, tun daga hayis da a-kori-kura da kanta har zuwa tirela. Manomin Karkarna da ke son kai amfanin gona kasuwa, da mai haƙurin da za a kai asibiti daga wani ƙauye na Gwiwa, duk rayuwarsu ta rataya ga lafiyar mota. Yawancin kayan gyara kuwa daga Kano ake sayo su, musamman daga kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma tare da kayan ne sunayensu suke isowa.

Ana iya kasa motocin da bakaniken wannan yanki ya sani gida uku. Kashi na farko su ne masu kafireto, waɗanda Fijo 504 ta zama sarauniyarsu bayan da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a shekarar 1975. Kashi na biyu su ne tsofaffin motocin Turai da Amurka da ake kira 'yan Kwatano, saboda tashar jiragen ruwan da aka daɗe ana sauke su, waɗanda galibinsu kwamfuta ce take sarrafa injinsu. Kashi na uku su ne motocin lantarki, waɗanda ba su zama ruwan dare a yankin ba tukuna, amma labarinsu ya riga su isowa.

Kalmomin Aro da Kwaskwarimarsu

Kusan dukkan sunayen sassan mota aro ne daga Ingilishi, sai dai Hausa ba ta karɓe su ba sai da ta yi musu kwaskwarima bisa ƙa'idojinta. Na ɗaya, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka aka cusa wasali a tsakaninsu, aka sami fulogi da birki da kulochi da sitiyari da sifana. Na biyu, sautin leɓɓa da Ingilishi yake rubutawa da harafin "p" ya koma "f", kamar a fistin da famfo da faci, da ita kanta Fijo, wadda asalin sunanta Faransanci ne. Na uku, yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa aka ce ringi da gareji. Akwai kuma kalmomin da suka yi nisa da asalinsu har da wuya a gane su, irin su lagireto da kafireto da totur.

Wani abin sha'awa shi ne kalmar bakanike. Bahaushe ya ji gaɓar farko ta kalmar asali, ya ɗauke ta tamkar ɗafa-goshin nan "ba" na Bakano da Bakatsine, sa'an nan ya ba ta jam'i irin na Kanawa da Katsinawa, ya ce kanikawa, ya kuma kira sana'ar kanikanci. Wannan shaida ce ta cewa kalmar ta zama 'yar gida.

Mota a Matsayin Mai Rai

Idan sunaye na aro ne, to, aikatau ɗin da ake bayyana ciwo da su na gida ne tsantsa, kuma kusan dukkansu daga jikin mutum ko na dabba aka ɗebo su. Wannan shi ne abin da masana adabi suke kira jinsintarwa. Ga misalai:

Mota ba ta da lafiya.
Ta mutu a kan hanya, ta ƙi tashi.
Tana tari, tana shaƙewa.
Ta ɗauki zafi.
Tana shan mai, tana cin taya.
Birki ya shanye.
Batir ya yi sanyi.

Duk wanda ya dubi waɗannan jumloli zai ga cewa Bahaushe ya ajiye mota a gurbin da doki da jaki da raƙumi suka bari. Tana ci, tana sha, tana rashin lafiya, tana mutuwa, har ma ana kashe ta a kuma tayar da ita. Tun da yake mota majinyaciya ce, ashe bakanike likita ne, kuma aikinsa na farko shi ne tambaya da sauraro. Ga misalin irin zancen da akan ji a gareji:

Direba: Maigida, a duba mini ita, tun daga Dambatta take fizga.
Bakanike: To, Malam, a kan gudu take yi ko sai ka rage wuta?
Direba: Sai na hau tudu, sa'an nan in ji fat-fat-fat ta salansa.
Bakanike: Wane irin hayaƙi take yi?
Direba: Baƙi ne wuluk.

Kafin a buɗe kan mota, rabin aikin ya ƙare. Baƙin hayaƙi alama ce ta cewa mai ya fi iska yawa a cikin injin, abin da kan faru idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska ko kafireto ya baci. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, galibi don ringi ya cinye. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa kuwa yana nufin ruwa yana shiga inda bai kamata ba, watau gaskit ya ƙone.

A nan ne kuma amsa-kama take taka muhimmiyar rawa. Ƙwas-ƙwas daga cikin injin daban yake da garan-garan daga ƙarƙashin mota, haka kuma ƙat-ƙat ɗin da kiki yake yi idan batir ya yi sanyi daban yake da ƙiii ɗin birkin da ya cinye. Motar da ta tsaya cak ba ɗaya take da wadda ta yi ta jijjiga kafin ta ɗauke ɗif ba. Abin da ɗalibi yake nazari a aji a matsayin rukunin nahawu, shi ne ma'aunin da bakanike yake cin abinci da shi.

Zuwan Kwamfuta

Daga shekarar 1996 doka ta tilasta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsari guda na binciken ciwo, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Irin waɗannan motoci suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike, ita kuma ta karanto lambobin da ƙwaƙwalwar motar ta adana. Kowace lamba da harafi take farawa: "P" na nufin injin da giya, "B" bodi, "C" ƙafafu da birki da makamantansu, "U" kuwa sadarwa tsakanin na'urorin motar. Alal misali, P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai.

A nan harshen gareji ya gamu da cikas na farko. Akan ji ana cewa "a sa mata kwamfuta" ko "kwamfuta ta ce", kamar dai na'urar ta yanke hukunci. Gaskiyar magana kuwa ita ce, lambar alama kawai take nunawa, ba ta faɗin sanadi. P0301 ba ta ce fulogi ne ya mutu ba. Yana iya zama kwayil ne, ko nozul, ko kuwa ringi. Bakaniken da bai rarrabe tsakanin alama da sanadi ba sai ya sa mai mota ya yi ta sayen kaya ɗaya bayan ɗaya, ciwo yana nan inda yake. Wani ma goge lambar yake yi domin 'yar fitilar gargaɗi ta mutu, ya ce an gyara, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Saboda haka na'ura ba ta kore kunne da tambaya ba, ƙari ta zama a kansu.

Motar Lantarki da Maganar Caji

A ƙarshen shekarar 2020 aka nuna Hyundai Kona a Legas, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Nijeriya. A 2021 hukumar ƙasa mai kula da ƙira da bunƙasa motoci, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato wanda ya zana fasalin Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin haya masu aiki da lantarki. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, zancen irin waɗannan motoci ya ƙara yawa a bakin direbobi.

Kalmomin da ake wannan zance da su ba daga gareji suka fito ba, daga wayar hannu da sola aka aro su: sa caji, jona, ya cika, ya sauka, ba ya riƙe caji. Sai dai suna ɓoye girman al'amarin. Akwai ma'auni biyu da ya kamata a rarrabe. Kilowat shi ne ƙarfin zubar wuta, kamar faɗin tiyo, kilowat-awa kuwa yawan wutar da batir yake ɗauka, kamar girman randa. Babban batirin Kona yana ɗaukar kilowat-awa 64. Soket ɗin gida ba ya ba da abin da ya wuce kimanin kilowat 3, watau sai motar ta haura awa 20 kafin ta cika, in har ba a ɗauke wuta ba. Na'urar bango mai kilowat 7 takan cika ta cikin awa 9 zuwa 10, tashar gaggawa mai kilowat 50 kuwa takan kai ta kashi 80 cikin ɗari a awa ɗaya da 'yan mintoci. Ƙaramin janaretan da bai kai kilowat 1 ba sai ya kusa kwana uku yana aiki. Duk waɗannan "caji" Bahaushe yake ce musu, amma ga direban da ke jigila tsakanin Roni da Kano, bambancinsu shi ne bambancin samu da rashi.

Cikas na biyu ya fi wannan hatsari. A harshen gareji ƙara ita ce rai, shiru kuwa mutuwa. Motar lantarki ba ta da fulogi, ba ta da fistin ko salansa, ba ta tari, ba ta hayaƙi, kuma tana iya kasancewa a kunne alhali ta yi tsit. Yaron garejin da ya ji shiru ya ce ta mutu, ya sa hannu, ya jefa kansa cikin halaka. Haka kuma kalmar batir. Wanda ya saba da shi mai bolt 12 ne, wanda ake taɓa kansa da hannu, amma babban batirin motar lantarki yakan kai bolt 350 zuwa 400, wutar da take iya kisa nan take, shi ya sa ake yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo domin gargaɗi. Suna ɗaya ya haɗa abu biyu, ɗaya abokin aiki, ɗaya ajali.

Ita ma kalmar wuta nauyi ya yi mata yawa. Ita ce tartsatsin fulogi, ita ce fitilar mota, ita ce totur idan an ce "ba ta wuta", ita ce lantarkin gida, ga shi yanzu ta zama abincin motar kanta. Idan direba ya ce "ba wuta", sai an sake tambayarsa wacce yake nufi.

Kammalawa

An ga yadda Hausa ta ari sunayen sassan mota ta yi musu kwaskwarima, ta kuma yi amfani da jinsintarwa da amsa-kama ta gina cikakkiyar hanyar gano ciwo. An kuma ga cewa wannan hanya a kan injin mai ƙara da hayaƙi aka gina ta, saboda haka ta fara gazawa da zuwan kwamfuta, za ta kuma ƙara gazawa da zuwan lantarki.

Shawara a nan ita ce, tun kafin motocin su yawaita, a daidaita wasu 'yan kalmomi: ƙaramin batir da babban batir, cajin gida da cajin gaggawa, alama da sanadi, sa'an nan a riƙa cewa "a kunne" da "a kashe" maimakon "ta tashi" da "ta mutu". Wannan aiki ne da sassan Hausa na jami'o'inmu za su iya yi tare da makarantun fasaha irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da su kansu kanikawan, domin kalmar da ba ta zauna a bakin mai sana'a ba a takarda za ta tsufa. Haka kuma ya kamata ɗalibai su shiga garejoji su tattara kalmomin zamanin kafireto daga bakin dattawan sana'ar, a shigar da waɗanda suka kuɓuce wa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Hausawa dai sun ce da sanyin safiya ake kama fara.