Kafin ka sayi katin nan, ɗana

Ɗana, na ji an ba ka aikin haɗa sabar ta farko da za ta zama a hannunka, kuma kana ta kai-kawo tsakanin sayen katin RAID da barin manhaja ta yi aikin. Zauna mu yi magana, don na daɗe ina kwana a ɗakunan sabar.

Abin da kake son yi tagwaita faifai ne, wato RAID 1: faifan ajiya biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta shi a ɗayan a lokaci guda, in ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. Sunan RAID ya bazu ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1988. A zamanin da muka koyi aiki, furosesa ba ta da ƙarfin yau, shi ya sa ake ɗora wannan nauyi a kan kati mai ƙwaƙwalwar kansa. Yawancin masu ce maka kati dole ne, a wancan zamanin suka koyi maganar. Tagwaitawa kuwa ba ta da wani lissafi mai nauyi, rubutu ne sau biyu kawai, kuma furosesar yau ba ta ko jin sa a jikinta.

Don haka kada gudu ya zama abin da za ka fara aunawa. Ka fara da tunanin daren da abu zai lalace, kana kai kaɗai, waya tana ta ƙara. Me za ka iya gyarawa da hannunka a wannan daren?

Kati yana da kirkinsa, ba zan ɓoye maka ba. PERC na Dell, Smart Array na HP, MegaRAID na LSI wanda yanzu yake hannun Broadcom, duk na yi aiki da su. Faifai ya mutu, fitilarsa ta canza launi, ka zare shi ka cusa sabo, katin ya ci gaba da kwafi da kansa. Ko wanda bai san umarni ɗaya ba zai iya. Yana kuma da ma'ajiyar wucin gadi mai batir, wadda ke karɓar rubutu da sauri ta riƙe shi ko an ɗauke wuta. In rumbun bayanai mai yawan rubutu za ka ɗora, wannan yana da amfani. In kuma VMware ESXi za ka sa, ba ya tagwaita faifan cikin sabar da kansa, kati za ka nema, magana ta ƙare.

Amma ka lura da abu guda: ka sayi faifai biyu don kada ka dogara da abu ɗaya, sai ka rataye su duka a wuyan kati ɗaya. Na taɓa zuwa wata ma'aikata da katinsu ya ƙone ranar Alhamis da yamma. Faifan biyu lafiyarsu ƙalau, bayanan albashi suna ciki, amma babu mai karanta su, domin katin ya tsara su ne da salon kamfaninsa. Aka buga waya kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ba a samu irinsa ba, sai da aka yi odarsa daga waje. Ma'aikata suka yi ta zuwa tambayar albashi, mu kuma muna zaune gaban faifai biyu masu rai. Wani lokaci akan dace a karanta faifan RAID 1 shi kaɗai ba tare da katin ba, amma wannan ba katangar da za ka jingina da ita ba ce. In har za ka sayi kati, sayi biyu, ka ajiye ɗaya a kabad. In kuɗin bai kai na biyu ba, to na ɗayan ma bai kai ba.

Ga kuma batirin. Yana tsufa cikin 'yan shekaru, zafi yana gaggauta mutuwarsa, kai kuwa ka san yadda ɗakin sabar yake a watan Afrilu idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Da ya raunana, katin yakan daina amfani da ma'ajiyar, sabar ta koma tafiyar hawainiya, kowa ya rasa dalili. Sababbin katuna sun rage wannan matsala da wata dabarar da ba ta batir ba, amma na hannu da ake sayarwa da araha tsofaffin ne.

Ni dai, a sabar Linux mai faifai biyu, manhaja nake zaɓa. Akwai mdadm, wanda Neil Brown ya fara rubutawa a 2001. In sabar ta mutu gaba ɗaya, ka ɗauki faifan ka sa a kowace kwamfuta mai Linux, za ta gane su. Ka buɗe /proc/mdstat, in ka ga U biyu a jere, tagwayen suna lafiya. In U ɗaya ce da ɗan layi a gefenta, ɗaya ya tafi. Akwai kuma ZFS, wanda kamfanin Sun ya saki a 2005, shi yana da wata baiwa da nake so ƙwarai. Idan tagwaye suka saɓa, wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza, tagwaitawa ta yau da kullum ba ta san mai gaskiya ba. ZFS yana ajiye hatimin lissafi na kowane gutsuren bayani, sai ya gane wanda ya ruɓe ya gyara shi daga ɗan'uwansa. Sharaɗinsa shi ne ya ga faifan kai tsaye, kada ka sa katin RAID a tsakaninsu.

Manhaja tana da nata hakki a kanka. Ka sa GRUB, manhajar da ke tayar da sabar, a faifan biyu, don na ga yara da yawa sun tagwaita komai, faifan farko ya mutu, sabar ta ƙi tashi. Ka tanadi UPS mai kyau, tunda ba ka da batirin kati kuma ka san halin wutarmu. RAID ɗin da ake kunnawa a babban allon kwamfuta mai araha kuwa, ka bar shi: furosesarka ce ke yin aikin, sunan kati kawai ya ara.

Duk wanda ka zaɓa, ka sa ya riƙa aiko maka saƙo idan faifai ya faɗi. Sabar tana iya yin wata shida a kan ƙafa ɗaya ba wanda ya sani, sai ranar da ta biyun ta karye. In da hali, kada faifan biyu su zama na kwali ɗaya, don waɗanda aka ƙera tare aka wahalar tare sukan gaji tare. Kuma kada ka bari wani ya ce maka an tagwaita, don haka ba a bukatar kwafin ko-ta-kwana. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun nan take, haka ma wanda ɓarayin intanet suka kulle. Kwafi a wani wuri daban, wannan wajibi ne na dabam.

Kafin ka miƙa sabar ga masu ita, tun babu komai a ciki, ka zare faifai ɗaya tana aiki. Ka ga ko saƙon ya iso wayarka. Ka kashe ta ka tayar da ita da ɗayan kaɗai, sannan ka mayar ka kalli yadda take sake kwafi, ka rubuta kowane mataki a takarda ka manna a jikin kabad ɗin. In ka tashi yin wannan gwajin, kira ni, zan zo mu yi tare.