Ƙarfi da Nauyi: Matakin Farko ga Ɗalibin Kimiyya

A ilimin kimiyya, duk wani turi ko ja shi ake kira ƙarfi, kuma ba a ganinsa da ido, sai dai a gane shi ta aikinsa, wato ya motsa abin da ke tsaye, ko ya tsayar da mai tafiya, ko ya karkatar da shi, ko ya sauya masa siffa. Ɗalibin da ke Gaffati, a gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, ba sai ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ba kafin ya fahimci wannan, domin rijiya da amalanke da kasuwa sun ishe shi.

Abin da ya fi rikita masu koyo shi ne bambancin mas da nauyi. Mas shi ne yawan abin da jiki ya ƙunsa, ana auna shi da kilo, kuma ba ya sauyawa duk inda aka kai jikin. Nauyi kuwa ƙarfi ne, wato jan da ƙasa ke yi wa wannan jiki zuwa tsakiyarta, ma'auninsa kuma niyuton ne. Ƙasa tana jan kowane kilo da kimanin niyuton 9.8, saboda haka guga mai ɗaukar lita 10 ta ruwa, wato kilo 10, yana jan igiyarsa da niyuton 98, ban da nauyin gugan kansa, kuma dole mai ɗiba ya fara ja da abin da ya fi haka kafin gugan ya taso. Da za a kai buhun gero mai kilo 100 duniyar wata, inda jan bai wuce kashi ɗaya cikin shida na ƙasa ba, ko ƙwaya ba za ta ragu ba, amma nauyinsa zai sauko daga niyuton 980 zuwa kimanin 160. Ita kuwa tiya da ake awo da ita a kasuwa, cika take aunawa, shi ya sa tiyar gero ta fi tiyar dusa rinjayar sikeli.

Binciken waɗannan al'amura daɗaɗɗe ne, domin wani masani mai suna Alhazini ya rubuta littafinsa kan ma'auni, Mizanul Hikma, wajen shekarar 1121, daga baya kuma Isaac Newton na Ingila ya fitar da dokokin motsi uku a 1687. Ta farko ta nuna cewa jiki ba ya sauya halinsa na tsayuwa ko tafiya sai wani ƙarfi ya shafe shi. Amalanken da ya tsaya cikin rairayi, turjiyar rairayin ce da gogayya, wato cijewar da ke faruwa idan jiki biyu suka gogi juna, suka tsayar da shi. Ta biyu ta ce gwargwadon yawan kaya, gwargwadon ƙarfin da ake buƙata don ƙara musu gudu. Ta uku ta ce kowane turi yana da martani daidai da shi ta fuskar da ke kishiyarsa, kuma haka ya sa igwa, irin waɗanda Sarkin Damagaram Tanimun ya sa maƙera suka ƙera a ƙarni na 19, take zabura baya yayin da harsashi ya fita gaba.

Mutane da yawa sun ɗauka abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa, alhali iska ce ke riƙe marar nauyi, kuma an tabbatar da haka a 1971, lokacin da ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare. Ya kamata kowane ɗalibi ya gwada da kansa, ya saki babban dutse da ƙaramin dutse daga tsayi ɗaya, ya maimaita, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya kai wa malaminsa domin a tattauna a aji.