Daɓen Jirgin Faiba Ya Ruɓe, Yaya Za A Yi?

Wani mai sauraronmu daga Kusada, wanda ke su a madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, ya ce daɓen jirginsa na faiba yana lotsawa in an taka.

To Malam, faiba ba ta ruɓewa. Katakon da aka lulluɓe a cikinta ne ya sha ruwa, galibi ta ramin ƙusa. Kada ka ɗora sabon falanki a kan tsoho, don mai yiwuwa ruɓar ta riga ta kai ga haƙarƙarin da ke tafe tsawon jirgin, kuma su ne ƙarfinsa.

Kafin ka yanka komai, ka tokare jirgin ta ƙasa sosai, in ba haka ba zai karkace. Ka cire haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, ka auna sabo a jikin tsoho. Busasshen maɗaci ya isa. Ka goge wurin, ka bar shi ya bushe ƙayau. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki. Sai ka lulluɓe kowane katako da ƙyallen faiba da gam ɗinsa, har gefe da gefe. Da sassafe za ka kwaɓa, kaɗan-kaɗan, don zafin rana yana sandarar da gam ɗin nan da nan.

Don Allah ka rufe hanci da ido wajen gugar, ƙurar tana cutar da huhu. Ka kuma bar hanyar da ruwa zai riƙa fita ta baya.