Darasi: Bidiyon da ya ƙi buɗewa

A wani ƙauye na jahar Tawa, malamin gona ya kawo ma ƙungiyar manoma wani bidiyo na minti 10. Bidiyon yana nuna yadda ake haƙa tassa. Tassa ita ce ƙananan ramun nan da manoman Illela da Badagishiri ke haƙawa a fako. Suna zuba taki a ciki, ruwan sama ya taru, gero ya fito inda da can ko ciyawa ba ta tsira. Aikin rani ne, kuma rani ya riga ya yi nisa.

Malamin gona ya sa bidiyon cikin katin ajiya, wanda ake ce ma memori, ya hau babur ya wuce. Da dare shugaban ƙungiya ya sa katin cikin ƙaramar salularshi mai maɓallai. Bidiyo ya ƙi buɗewa. Aka gwada a talabijin na mai shago, mai aiki da hasken rana. Talabijin ya nuna sunan bidiyon, aka danna, allo ya yi baƙi. Wasu suka ce katin ya mutu. Wasu suka ce salular ce ta tsufa, sai a sayi sabuwa.

Ranar kasuwa shugaban ya tafi wurin yaron da ke tura ma mutane waƙoƙi da fina-finai. Yaron ya sa katin cikin kwamfuta, bidiyo ya buɗe tas.

Shugaban ya ce: "To yaro, wace ce ke da laifi, wayata ko katin?"

Yaron ya ce: "Baba, babu mai laifi. Wasiƙa ce aka rubuto maka da rubutun da wayarka ba ta koya ba. Zauna ka sha ruwa, in juya maka shi."

Maganar yaron gaskiya ce, kuma ita ce darasin yau.

Mene ne bidiyo?

Bidiyo hotuna ne masu yawa, ana nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Ido ba ya ganin tsakaninsu, sai ya ga kamar mutum yana motsi. A silima ana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa guda. A talabijin na Nijar da na Faransa hoto 25 ne. A Amurka kusan 30. Waya kuma takan ɗauki 30 ko 60.

Kowane hoto an yi shi da ƙananan ɗigo masu launi, kamar saƙar tabarma. Babbar waya tana ɗaukar hoto mai ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. In aka haɗa, ɗigo 2.073.600 ke nan cikin hoto guda. Allon ƙaramar salula kuwa, mai kyau daga ciki, ɗigo 320 ne da 240, wato 76.800. Hoton babbar waya ya ninka allon ƙaramar sau 27.

In da za a ajiye dukan ɗigon nan yadda suke, bidiyon minti 10 zai cinye kati ya nemi ƙari. Shi ya sa ake matse shi. Ga dabarar: mutum yana magana a gindin bango. Bakinshi na motsi, hannunshi na motsi, amma bango bai motsa ba. Na'ura ba ta sake ajiye bangon sau 25 a daƙiƙa. Tana ajiye shi sau ɗaya, sannan ta riƙa ajiye abin da ya sake kaɗai. Tana kuma zubar da ƙananan abubuwan da ido ba ya lura da su.

Ambulan da rubutu

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Bidiyo kamar wasiƙa yake. Akwai ambulan, akwai rubutun da ke ciki.

Ambulan shi ne ke riƙe hoto da murya wuri guda, don su tafi tare. Ana gane shi da haruffan da ke ƙarshen sunan bidiyo, bayan ɗigo. Wanda ya fi yawa yau shi ne MP4. Akwai AVI, na kamfanin Microsoft, tun 1992. Akwai MOV, na kamfanin Apple mai yin iPhone. Akwai MKV, wanda aka fara a 2002. Akwai kuma 3GP, wanda aka yi musamman don ƙananan wayoyi.

Rubutun ciki shi ne hanyar da aka bi aka matse hoton. Mutum biyu suna iya karɓar ambulan iri ɗaya. Ɗaya ya buɗe ya ga boko, ɗaya ya buɗe ya ga ajami. Wanda ya koyi boko kaɗai a wurin yaƙi da jahilci, in ya ga ajami sai ya nemi malami. Ba makanta ba ce, bai koya ba ne kawai. Na'ura ma haka take. Abin da aka koya mata a ma'aikata shi ta sani.

Rubutu biyu ya kamata a riƙe sunansu. Na farko H.264, wanda ya fito a 2003. Kusan kowace babbar waya da kwamfuta da talabijin mai bakin kile suna karanta shi. Na biyu H.265, wanda ya fito a 2013. Ya fi na farko matsewa, har yakan rage kusan rabin nauyi, hoto bai lalace ba. Amma yana son na'ura mai ƙarfi. Tun 2017 wayoyin iPhone suka fara ɗaukar bidiyo da shi, wasu manyan wayoyi ma suka bi. Tsohon talabijin da ƙaramar salula ba su san shi ba.

Abin da ya samu ƙungiyar nan ke nan. Ambulan MP4 ne, talabijin ya gane shi, shi ya sa ya nuna sunan. Da ya buɗe, sai ya iske H.265.

Murya ma da nata rubutun. Wanda aka fi sani AAC ne. In bidiyo ya fito da hoto babu murya, ko murya babu hoto, to na'urar ta iya karanta ɗaya, ba ta iya ɗayan ba.

Wasu masu wayo sukan goge haruffan ƙarshen suna, su rubuta 3GP a wurin MP4. Wannan aikin banza ne. In an rubuta "gero" a jikin buhun dawa, dawa ce dai a ciki.

Yadda ake juyawa

Juya bidiyo shi ne a ba kwamfuta ta karanta shi da tsohon rubutu, ta kwafe shi da wani. Ana yin haka da manhaja, wato kayan aikin da ake sa ma kwamfuta ko waya. Akwai na kyauta, waɗanda ba a sayarwa. Akwai VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa suka fara. Akwai HandBrake, tun 2003. Akwai FFmpeg, tun 2000, wadda manhajoji da yawa ke aiki da ita a ciki. Masu shagon turi da yawa kuma sun saba da Format Factory.

Kafin a taɓa komi, yaron ya yi tambaya guda: "Baba, a ina za a kalla?" Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace. Ba a ɗinka riga sai an ga mai sawa.

Shugaban ya ce a talabijin na mai shago, da kuma ƙananan wayoyin ƴan ƙungiya. Sai yaron ya yi kwafi biyu. Na talabijin ya bar shi MP4, ya mai da hoton H.264, muryar AAC, ya rage girman zuwa ɗigo 1280 da 720. Na ƙananan wayoyi ya mai da shi ƙarami ƙwarai, 320 da 240. Wasu wayoyin ma sai 3GP mai ɗigo 176 da 144 suke karɓa. Bidiyon da ya kai mega 600 ya koma wajen mega 30. Wannan kuwa Bluetooth na iya kai shi daga waya zuwa waya a gindin itace, ba a kashe ko dala ba.

Ƙananan wayoyi ba halinsu ɗaya ba, ko da sunan kamfaninsu ɗaya ne. Mai hankali yakan juya minti guda tukuna, ya gwada a wayar, in ya yi sannan ya juya sauran. Akwai kuma dabara mai sauƙi. A ɗauki ɗan bidiyo da ita kanta ƙaramar wayar, a sa shi cikin kwamfuta, a duba ambulan ɗinshi da girmanshi. Irin abin da waya ta rubuta da kanta, tana iya karanta shi.

A lura da siffar hoto. Na babbar waya dogo ne a kwance, allon ƙaramar kuma ya fi kusa da murabba'i. In aka cusa shi da ƙarfi, fuskokin mutane za su tsuke, ramin tassa mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Gara a bar baƙin layi sama da ƙasa.

Wani lokaci rubutun ciki daidai yake, ambulan ne kaɗai na'ura ba ta so. Misali MKV mai H.264 a ciki. A nan ba sai an kwafe ba. Ana fitar da wasiƙar a sa ta cikin MP4. Aikin ɗan lokaci ne, kuma hoto ba ya raguwa ko kaɗan.

Kada a goge uwar

Da yaron ya gama, shugaban ya ce a goge babban, tun da yana cin wuri. Yaron ya ce: "A'a Baba, wannan shi ne iri."

Duk lokacin da aka matse bidiyo, ana zubar da wani abu. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Gero yana zama gari, gari ba ya komawa gero. In aka juya kwafi daga kwafi, aka sake juyawa, hoto zai dushe, ya fashe gida-gida, fuskar mutum ta ɓace. Wanda ya ɗauki ƙaramin 3GP ya ce a mai da mashi babba, zai samu nauyi ne kawai, ba zai samu kyau ba.

Asarar ba ta tsaya ga bidiyon noma ba. Akwai gidajen da suka ɗauki bikin aure, ko naɗin sarauta, ko tsoho yana ba da tarihin gari. Aka rage bidiyon don ya shiga waya, aka goge na asali don a sa waƙa. Tsohon ya rasu, abin da ya rage inuwa ce mai motsi. Na asali a ajiye shi wuri biyu, domin kati yana mutuwa ba sallama.

WhatsApp ma yana matse bidiyo in an aika shi yadda aka saba. Mai son ya isa yadda yake, sai ya aika shi a matsayin takarda, amma zai ci mega da yawa. Akwai kuma wurare a intanet da ke juya bidiyo. Mai aiki da su ya sani, bidiyon iyalinshi zai fara zuwa na'urar wasu mutanen da bai sani ba.

In za a yanka a haɗa

Samarin ƙauye da yawa yanzu suna haɗa bidiyo: su yanke nan, su ɗora can, su sa muryar Hausa a kan bayanin da aka yi da Faransanci. Nan ma sai an juya, amma ba irin juyin kallo ba.

Sau da yawa gutsattsarin ba daga waya ɗaya suka fito ba. Wannan 30 a daƙiƙa, wancan 25. Waya kuma ba ta tsayawa kan lamba ɗaya, takan rage yawan hotuna in haske ya yi ƙaranci. In aka haɗa su haka, baki zai motsa, murya ta zo daga baya. Maganinshi a juya su duka su zama iri ɗaya: girma ɗaya, H.264, da yawan hotuna tsayayye. A wannan juyin ba a rage girma. Ana aiki da manya, sai an gama haɗawa a fitar da ƙananan kwafi.

Tsofaffin kaset

Masu kaset ɗin bidiyo na da, irin VHS, su yi hanzari. Kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, kuma tun 2016 aka daina ƙera na'urar da ke kunna shi. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset. Ana iya kwashe shi zuwa kwamfuta in an samu na'ura mai rai da ɗan akwatin da ke haɗa su. Ba a gaggauta shi: kaset na awa 2, awa 2 zai ɗauka.

Shugaban ya biya yaron, ya koma gida da kati biyu, ɗaya na kallo, ɗaya na ajiya. A daren nan aka kalli bidiyon sau uku a ƙofar shago. Wata mata ta ce a tsai da shi daidai wurin da ake auna zurfin rami, ta matso ta gwada da hannunta. Da safe mutum takwas suka fita fako da hauya.

Aikin aji

A rubuta a allo: MP4, 3GP, AVI. Mai salula ya buɗe katinshi ya nemo waɗannan haruffa, ya nuna ma na kusa da shi.

Lissafi: bidiyo yana nuna hoto 25 a daƙiƙa. Hoto nawa ke cikin minti 1? Nawa ke cikin minti 10?

Kati yana da sauran wuri na mega 900. Bidiyo nawa mai mega 30 zai ɗauka? In mai mega 600 ne fa?