Bayan Aikin Sankarar Fata: Ka Auna Rana da Inuwarka



Darasinmu na yau a kan wanda aka yi wa aikin sankarar fata ne, ko yanka aka yi masa ko gashi, aka sallame shi ya dawo gida. A ƙasarmu waɗanda cutar ta fi kamawa ta dalilin rana su ne 'yan uwanmu zabaya, domin fatarsu ba ta da sinadarin launi mai tare hasken rana. Amma duk wanda aka yi wa gashi, ko baƙi ne wuluk, wurin da aka gasa yakan daɗe bai jure rana ba. Kuma wanda ta taɓa fito masa ya fi waninsa haɗarin ta sake fitowa.

Kwanaki wani dattijo ya kawo mini ɗansa zabiya, an yanke masa gefen kunne, wai in ba shi abin shafawa don kada ta dawo. Na ce Alhaji, ni mai magani ne, amma ba ni da saiwar da ta kai inuwa amfani ga yaron nan.

To yaushe rana ta fi cutarwa? Likitoci sun ce daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Kai da ka karanta lokutan salla ba sai da agogo ba. Tsaya ka dubi inuwarka: in ta fi ka gajarta, koma ciki. La'asar ba ta shiga sai inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan inuwar zawali. Ke nan daga hantsi zuwa kiran La'asar lokacin fakewa ne. Gona, kasuwa, zumunci, a mai da su sassafe ko da yamma liƙis. Kada hazon hunturu ko hadarin damina ya ruɗe ka. Hasken da ke ƙona fata ba zafi ba ne, yana ratsa gajimare, iska na kaɗawa da sanyi shi kuma yana aikinsa.

Wani zai ce gudun rana raki ne, ko raunin tawakkali. A'a. Ya tabbata a Bukhari, Annabi (SAW) yana huɗuba ya ga Abu Isra'ila tsaye, aka ce ya yi bakancen tsayuwa a rana ba zama ba magana, yana azumi. Sai ya yi umarni ya shiga inuwa, ya zauna, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Azahar ma an yi umarnin a jinkirta ta in zafi ya tsananta. Saboda haka ran Juma'a ka sammaka ka sami cikin masallaci, kada ka ƙare a sahun titi. Wajen jana'iza riƙe lema, ba abin kunya ba ne.

Hula zanna ado ce, ba ta rufe kunne da ƙeya, nan kuwa ciwon ya fi son fitowa, da hanci da leɓe. Malfa mai faɗin baki ita ce taka, ko rawani. Riga mai dogon hannu, yadi mai kauri. Ɗaga yadin ka kalli haske ta cikinsa, in kana gani tar to rana ma tana shiga. Uwargida, ki gwada mayafinki haka.

Man kariya daga rana kuma, a kemis ka nemi mai lamba SPF 50, kada ya gaza 30. A sake shafawa duk awa 2, da bayan gumi, da bayan alwala, domin ruwa na wanke shi. Ba a sa shi a kan ɗanyen ciwo sai likita ya ce ya warke. In akwai bandeji, shafa a kansa ta wadatar a alwala.

Nan ne nake jan kunnen abokan sana'ata. Man kaɗanya, man zaitun, man habbatus sauda, suna da amfaninsu, amma ba su tsayawa a matsayin wancan man. Tafarnuwa ɗanya tana ƙona fata. Ruwan lemun tsami in ya haɗu da rana yana sa fata ta yi bororo. Kada a sa ko ɗaya a kan tabon.

Sau ɗaya a wata, a sa wani na gida ya duba maka baya da bayan kunne da tsakar kai, har tafin ƙafa. Sabon ƙurji, gyambon da ya yi wata bai rufe ba, ɓawon da ke ɓarewa yana jini, ko kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi: kada ka zo wurina, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Koma asibitin da aka yi maka aikin, a makon nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.