Yadda ake sauya wa tsohuwar Land Cruiser sifirin gaba

Tsofaffin Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya da ke jigilar ƴan kasuwa da buhunan hatsi tsakanin Gidan Amumune, Mayahi da Tasawa, da yawansu kan sifirin falle suke zaune gaba da baya. Mai son ya maida irin wannan mota kan sifirin naɗi, shawarata ya taɓa gaba kawai, ya ƙyale baya. Toyota da kanta haka ta yi. Ta fito da samfurin 70 a 1984, sai a 1999 ta sa wa masu ɗaukar kaya naɗi a gaba, bayan kuwa har yau falle ne.

Falle aiki biyu yake yi, yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksil a mazauninsa. Naɗi nauyi kaɗai ya sani, don haka duk wahalar aikin ita ce samar wa aksil sabon mariƙi. Da farko a nemo aksil ɗin gaba na samfurin 79, wato mai ɗaukar kayan da aka sa wa naɗi a 1999, tare da hannuwansa biyu, da sandar da ke tare shi ta gefe, da mazaunin naɗi. Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, makanike ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya ta kowane ɓangare, ya yi alama a jikin shasi. Sai a ɗaga motar a tokare ta a kan daɓen da ya miƙe, a sauke tsohon aksil, a yanke maratayan falle, a goge wurin.

Daga nan aikin mai walda ne, kuma nan ake ɓata mota. A fara ɗiga walda kaɗan a mazaunin naɗi da na hannuwa, a sauke motar ta zauna da nauyinta, a sake awo, sannan a cika walda tare da lafta farantin ƙarfe don ƙarfafa shasi. Sandar gefe dole ta kwanta daidai da sandar sitiyari, tsawonsu kusan ɗaya. In suka saɓa, duk ramin da taya ta faɗa sitiyari zai fizge daga hannun direba. A ƙarshe a sa shokazoba da ya dace da tsawon naɗin, a sauya tiyon birki da mai tsawo, a gwada motar ba kaya.

Wasu za su ce aksil ɗin samfurin 80, wanda ya fito a 1990 da naɗi ƙafa huɗu, ya fi sauƙin samu. Amma ya fi na baya faɗi, kuma a rairayin ƙasar Mayahi ana so tayar baya ta bi sawun ta gaba. In ba ta bi ba, kowace sai ta tsaga nata yashin, mai ya ƙone a banza.

Masu cewa a bar falle gaba ɗaya suna da hujja mai ƙarfi, domin in falle ɗaya ya karye a daji, ana ɗaure shi da igiyar roba a lallaɓa zuwa gari, naɗi kuwa in ya karye sai sabo. Sai dai lodi a baya yake, can ake yawan samun karaya, can kuma na ce a bar falle. Gaba nauyin inji yake ɗauka, wanda ba ya ƙaruwa ranar kasuwa, kuma laushin naɗi yana sa tayoyin da ke juya mota su riƙe ƙasa a kan hanya mai gargada.